Daga Dodon Bango Zuwa Allon Waya: Yadda Bahaushe Ke Auna Fim ɗin Ban Tsoro

A Magama, mashigar ƙaramar hukumar Jibiya inda titin Katsina ke miƙewa ya shiga Nijar ta Ɗan Isa, akwai hajar da jami'in kwastan ba shi da sikelin auna ta, domin a cikin waya take tafiya. Masu sayar da ita samari ne a ƙananan rumfuna, gaban kwamfuta ɗaya da jerin wayoyin caji, suna tura wa mutane fina-finai a kan kuɗi kaɗan. Direba ko ɗan kamasho zai miƙa wayarsa ya ce a zuba masa mai ban tsoro, mai rumfa kuwa ya yanke wa kowane fim hukunci a numfashi guda: wanga aljanunsa na ƙarya ne, wancan na Turkiyya ne, kada ka kalle shi kai kaɗai, wannan kuma ka daure har ƙarshe, akwai darasi.

Irin wannan hukunci shi ne sharhin fim mafi gajarta a ƙasar Hausa, kuma shi ne mafi tasiri, domin shi ke raba fim ɗin da zai zaga gari da wanda zai mutu a kwamfuta. A zahiri ya yi kama da gajerun sharhunan da matasan duniya ke rubutawa a Letterboxd ko Facebook, layi uku da 'yan taurari. Sai dai ma'aunin ya bambanta. Mai sharhi a Landan yakan fara da aikin kyamara da ƙwarewar 'yan wasa, saboda shi da mai karatunsa sun riga sun yarda cewa dodon ƙirƙira ne. Bahaushe bai zauna kallo da wannan yarjejeniya ba. A wurinsa aljani halitta ne da Alƙur'ani ya ambata, har da sura guda mai sunansa, don haka fim ɗin da ya nuna shi shaida yake bayarwa a kan abin da ke akwai, kuma za a yi masa tambayoyin da ake yi wa mai shaida. Wannan ma'auni yana da tarihi na kusan shekara 90, kuma hanyar Katsina zuwa Maraɗi tana cikin wuraren da ya fi fitowa fili.

Sarauta biyu, dodo ɗaya

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma tafiyar ta ratsa rabuwa biyu. Ta farko ta faru a wajajen 1807, lokacin da masu jihadi suka ci birnin Katsina, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa musu sabon mazauni a Maraɗi wajen 1819. Ta biyu ita ce layin da Ingila da Faransa suka shata, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Jibiya ta faɗo kudu da layin, Maraɗi da Tsibirin Gobir suka faɗo arewa.

Rabuwar farko ce ta shafi wannan labari. A Maraɗi, bori ya ci gaba da zama a inuwar fada, yana da shugabarsa mai sarautar Iya, 'yar gidan sarauta. A ƙasashen da suka shiga ƙarƙashin Sakkwato kuwa an ture shi gefe, ya koma ƙauyuka da gidajen mata da garuruwan Maguzawa. Ɓangarorin biyu sun saɓa a kan yadda za a yi mu'amala da mutanen ɓoye, ko a yi musu kiɗa da yanka, ko a kore su da ayoyi. Ba su taɓa saɓawa a kan samuwarsu ba. Shi ya sa harshen ke da wadatar kalmomi a wannan fanni: aljani da iska, maye da kurwar da yake kamawa, fatalwa, da dodon tatsuniya mai haɗiye gari. Iskokin bori ma kowane da sunansa da halinsa, daga Inna da Ɗan Galadima zuwa Sarkin Rafi da Kuturu, da birninsu Jangare.

Adabi ma ya riga fim shiga wannan fage. Tarihin Daura kansa ya ginu a kan macijin rijiyar Kusugu. Wasu daga cikin littattafan zube na farko da aka buga bayan gasar 1933 cike suke da aljanu, kuma biyu daga cikin marubutansu, Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Muhammadu Bello Kagara mai Ganɗoki, a Katsina suka yi aikin koyarwa. Saboda haka ranar da hoto mai motsi ya iso, ya tarar da mutanen da suka daɗe da sanin yadda labarin ban tsoro ya kamata ya tafi.

Dodon bango

Sunan da aka fara ba sinima ya isa shaida. Masanin ɗan Adam Brian Larkin, wanda ya rubuta tarihin sinimun Kano a littafinsa na 2008, ya nuna cewa ban da majigi, mutane sun kira abin dodon bango. Tun kafin a nuna wa Bahaushe fim ɗin ban tsoro ko ɗaya, na'urar kanta ita ce abin tsoron: mutane marasa jiki suna tafiya suna magana a jikin bango, wasu ma sun daɗe da mutuwa. Malamai sun yi ta muhawara a kan hukuncin wannan sura mai motsi marar rai.

Kwarori 'yan Labanan suka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, inda barasa da baƙi suke. Zaman sinima a irin wannan unguwa ya shafa mata baƙin jinin da ba ta taɓa wankewa ba. Sai ga gobarar sinimar El Duniya a ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta ci rayuka 331. Hukuma ta yi bincike a kan yadda wutar ta tashi, amma mutanen gari da yawa sun riga sun yanke nasu hukunci, cewa fushin Allah ne ya sauka a wurin saɓo. Daga wannan lokaci tambayar farko ta sharhin Bahaushe ta kafu: shin kallon wannan abu ba zai jawo wa mutum wani abu ba? Gargaɗin mai rumfar Magama, cewa kada a kalli fim kaza a kaɗaice, jikan wannan tambaya ne.

Abin da kyamara ta gani a Nijar

A arewacin layin, fim da iskoki sun haɗu ta wata hanya dabam. A 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana, masu kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan Nasara. Aka kira su Hauka. Hukumar Faransa ta kama mabiyansu ta ɗaure, da yawa suka bi ayarin 'yan cirani zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A can, a wajen birnin Akra, Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki bikinsu, ya fitar da Les Maîtres fous a 1955. An ga mutane idanu a juye, kumfa na zuba a baki, suna yanka kare. Turawan Ingila suka hana nuna shi, ɗaliban Afirka a Paris kuma suka yi tir da shi saboda yadda zai sa a kalli baƙar fata. Abin da yake ibada da magani a wurin masu yi ya zama fim ɗin ban tsoro a idon baƙo. Tambaya ta biyu ke nan: wa ya riƙe kyamarar, kuma wa yake so ya tsorata?

'Yan Nijar da suka karɓi kyamarar daga baya sun amsa ta hanyarsu. Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1972, ya yi Saitane a kan malamin tsibbu mai cin amana, inda shaiɗanin mutum ne mai rawani. Moustapha Alassane ya yi Toula a 1973, a tsakiyar babban farin Sahel, a kan garin da boka ya ce sai an ba macijin ruwa budurwa kafin ruwa ya sauka. A fina-finan biyu, abin tsoron yana wurin mutanen da ke magana da sunan gaibu. Wannan gado ne mai daraja, amma kaɗan daga cikinsa ya ƙetaro Jibiya, domin a bukukuwan fim na Wagadugu da Turai aka fi ganin su.

Macijiya, matsafa da Sumbuka

Abin da ya cika sinimun Kano da Katsina da Maraɗi shi ne fim ɗin Indiya, wanda Kwarori suka fara shigo da shi tun shekarun 1950. An fi tuna shi da soyayya da rawa, amma yana da reshen tsoro mai ƙarfi. Nagin na 1976 da Nagina na 1986, wanda Sridevi ta fito a ciki, labarin macijiya ne mai rikiɗa ta zama mace. Jaani Dushman na 1979 dodo ne mai sace amare. 'Yan'uwan Ramsay suka bi da Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988. Babu wanda ya buƙaci fassara kafin ya gane su, domin rikiɗa da auren aljana da tsinuwar da ke bin zuri'a duk suna cikin hirar dare ta ƙasar Hausa. Abin da mai kallo ya yi shi ne tacewa: ya karɓi macijiyar, ya kau da kai daga gunkin da ake roƙo.

Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 ya fitar da fim daga sinima ya kai shi ɗakin matan aure da gidajen kallo na unguwa. A daidai wannan lokaci gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris 1986, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar sunansa. Rufewar ta koya wa 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya hanyoyin bayan gari waɗanda ba a sake mantawa da su ba. Tun daga nan tsarin ya zauna: atamfa da taba, daga baya shinkafa, suna gangarowa kudu, fetur da kayan masana'antun Kano suna hawa arewa, kaset yana biye da su a ƙarƙashin kujerar direba.

A cikin kaset ɗin nan ne fina-finan Amurka irin The Exorcist na 1973 da The Evil Dead na 1981 suka samu masu kallo, sannan na kudancin Najeriya suka biyo baya. Living in Bondage na 1992 ya kafa tsarin da aka yi ta maimaitawa: mutum ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, fasto ya cece shi a ƙarshe. Mai kallo a Arewa ya gane matsafan, ya gane kwaɗayin, amma ƙarshen ba nasa ba ne. Tambaya ta uku ta fito daga nan, kuma ita ce mafi nauyi: a hannun wa nasara ta ƙare?

Sannan a tsakiyar shekarun 1990 abin ya fito daga allo. A 1995 ɗaruruwan ɗalibai mata a makarantun sakandare na yankin Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu, wasu na rawa, har waɗanda suka gani suka kwatanta rawar da ta fina-finan Indiya. Aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka. Masu bincike irin su Conerly Casey da Susan O'Brien sun rubuta yadda wannan lamari ya ɗaga darajar masu ruƙiyya, waɗanda ke karanta ayoyi su tuhumi aljanin ya faɗi sunansa da addininsa kafin ya fita. An ɗauki irin wannan zama a kaset an sayar a kasuwa. Idan ana neman fim ɗin ban tsoro na Hausa da ya fi kowane karɓuwa, a nan ya kamata a fara dubawa, domin yana da duk abin da mai kallo ke nema: muryar da ta sauya, jikin da ya ƙi mai shi, da ayar da ta yi rinjaye. A Nijar ma Adeline Masquelier ta bi diddigin irin wannan faɗuwa a makarantun 'yan mata, da labaran iskokin da ke tare matafiya a kan babban titin ƙasar.

Siririyar hanyar Kannywood

Masana'antar fim ta Hausa ta fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma kafin shekara goma ta mamaye kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Yamai. Da ita aka haifi sharhi a rubuce. Mujallar Tauraruwa ta fito a 1998, a cikinta Sunusi Shehu Daneji ya raɗa sunan Kannywood, sannan Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a Maris 1999. Shafukan wasiƙun masu karatu sun zama kotu, kuma wanda ya bi su zai ga cewa tuhumar da ta fi yawa ita ce ta ɓata tarbiyya da kwaikwayon baƙuwar al'ada.

Lokacin bai yi wa fim ɗin tsoro daɗi ba. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Katsina da Kano suka bi a 2000. A Disamban 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A hayin iyaka ma iskar ɗaya ce: a Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya da coci-coci da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren 'yan bori. Darakta mai son nuna aljani ya sami kansa a tsaka mai wuya. In ya ba shi ƙarfi, a ce yana koyar da shirka. In ya rage masa, mai kallo ya ce na ƙarya ne. In ya nuna bori kamar yadda yake, da garaya da goge, ya tsokano malamai. In ya nuna ruƙiyya ba daidai ba, ya tsokano su ta wata fuskar. Ga kuma ƙarancin kuɗi da kayan aiki, wanda ke mayar da dodo abin dariya.

Mafita biyu aka samu. Ta farko ita ce a jingina tsoron ga arna. Bajamushe Matthias Krings ya rubuta a 2005 a kan jerin fina-finan wancan zamani, irin su Shaheed, inda Musulmi ke karawa da matsafa da masu shan jini, labari ya ƙare da musulunta. Ta biyu ita ce a mayar da boka da aljani abin barkwanci a fina-finan camama, inda dariya ke kare kowa daga zargi. A fina-finan iyali kuwa boka ya zama tasha ɗaya a hanyar kishiya, wadda asirinta zai karye kafin a rufe da tuba. Sakamakon shi ne al'ummar da ta fi kowa wadatar labaran gaibu ta zama mai sayen tsoro daga waje. Da kasuwar faifai ta rushe a shekarun 2010, fassarar fina-finan Indiya ta Algaita da takwarorinta ta cike gurbin, masu tura fim a waya suka gaji masu kaset.

Sababbin fina-finai a tsohon sikeli

Idan aka ɗora fina-finan 'yan shekarun nan a kan tambayoyin nan uku, za a ga dalilin da ya sa wasu ke kama zuciyar mai kallo a nan, wasu kuma su wuce shi.

Siccîn, na Alper Mestçi, Turkiyya, 2014. Mace ta je wurin mai sihiri don ta raba ɗan'uwanta da matarsa ta mallake shi, sharrin ya wuce inda ta nufa. Aikin kyamararsa ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙarar sautinsa ma ta yi yawa. Amma kishi ne da asiri da aljani a gidan Musulmi, kuma wanda ya haƙa ramin shi ya faɗa. Ya ci jarrabawar duka uku, shi ya sa aka yi ta yi masa ci gaba.

Pengabdi Setan, na Joko Anwar, Indunusiya, 2017. Uwa ta mutu bayan doguwar jinya ta dawo tana bibiyar 'ya'yanta, ashe da ƙungiyar shaiɗan ta ƙulla don ta samu haihuwa. Ya fi Siccîn ƙwarewa nesa ba kusa ba. Sai dai malamin unguwa bai tsira ba, kuma wannan zai dami mai kallon da ya saba ganin aya ta kashe wuta nan take. Siksa Kubur na daraktan, 2024, ya fi shi ƙarfin hali: mace ta sa a binne ta tare da gawar azzalumi don ta tabbatar babu azabar kabari. Fim ne da zai raba majalisa biyu, wasu su ce wa'azi ne, wasu su ce shisshigi ne a gaibu.

Shaitaan, Indiya, 2024, da Ajay Devgn da R. Madhavan. Baƙo ya ba yarinya alawa, daga nan ta koma bin umarninsa a gaban iyayenta. Rabin farko yana da kyau ƙwarai, ƙarshensa ya koma dambe. Duk uwar da ta taɓa hana ɗanta karɓar abin hannun baƙo ta riga ta san labarin.

Atlantique, na Mati Diop, Senegal, 2019, wanda ya ci babbar kyauta ta biyu a bikin Cannes. Leburorin gini a Dakar da aka hana albashi sun hau jirgin ruwa zuwa Turai suka nutse, sai suka dawo cikin dare a jikin 'yan matansu suna neman haƙƙinsu. Mai neman firgita zai ce tafiyarsa ta yi sanyi. Amma a nan hawan iska ya zama hanyar karɓar bashi, abin da 'yan Hauka za su gane nan take.

His House, na Remi Weekes, 2020. Ma'aurata 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu sun sami gida a Ingila, wani maye ya biyo su saboda abin da suka aikata don su tsira. Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya, ita ce matar. Ta sake fitowa a Sinners na Ryan Coogler, 2025, labarin Mississippi ta 1932 inda kiɗan wani saurayi ke kiran na ɓoye, masu shan jini su kewaye gidan rawa. Cewa kiɗa na kiran iska ba sabon labari ba ne a Maraɗi. Dogon fim ne, tsoronsa ya makara, amma ya san abin da yake faɗa.

Abin lura shi ne waɗanda suka fi nauyi a jerin nan sun ɗauki tsoron da mutanensu ke rayuwa a cikinsa, na teku ko yaƙi ko wariyar launi, suka ba shi fuskar gaibu don a iya kallonsa.

Tsoro na daji

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. A Jibiya karin maganar ta daina zama kwatance. Ƙaramar hukumar tana cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba a jihar Katsina, tsakanin dajin Rugu da iyakar Zamfara. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. An rufe iyakar a Agustan 2019, mashigar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Jibiya. A watannin nan babu YouTube, babu WhatsApp. Wanda ke son kallo sai abin da ke ajiye a kwamfutar mai rumfa.

Mutumin da ya san ƙarar babura da tsakar dare, ya san muryar da ke kira a waya tana faɗin kuɗin fansa, me fatalwar allo za ta yi masa? Tarihin fim a wasu ƙasashe ya nuna irin wannan mutum bai daina kallon tsoro ba, domin tsoron allo yana da farko da ƙarshe, ana iya tsayar da shi a tashi a yi salla. Abin da babu shi ne fim ɗin da ya ɗauki nasa tsoron da muhimmanci. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, 2020, wanda aka yi da Hausa a kan 'yan matan da masu tayar da ƙayar baya suka sace, ya gwada, kuma sai da hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta yanke masa wani sashe kafin ya fita. Kannywood kuwa ta koma dogon zango a YouTube da Arewa24, inda Labarina da Izzar So suka nuna ana iya riƙe mai kallo shekaru, amma gado da aure da hamayyar masu kuɗi ne suka fi cika su.

Kayan aikin suna nan a ajiye. Akwai garin da aka watse aka bar wa iska, da matar da ta dawo daga daji ba ta magana, da mai kai rahoto da ke zaune a cikin jama'a yana cin kurwar maƙwabtansa kamar maye. Akwai Gulbin Maraɗi, wanda ke ratsa Jibiya ya shiga Nijar ya sake dawowa Najeriya ba tare da ya nuna wa kowa takarda ba. Akwai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa gonaki da kufai da tsofaffin maƙabartu. Mai son yin wannan fim ba ya buƙatar aron macijiya daga Mumbai.

Abin da zai buƙata shi ne masu sharhi da za su tsaya masa, su bambance wa jama'a nuna abu da yarda da shi, kamar yadda ba a taɓa cewa Abubakar Imam ya yi shirka don ya rubuta aljanu ba. Tambayoyin nan uku da tarihi ya gadar ba na jahilci ba ne. Ma'auni ne mai tsauri da ya cancanci a rubuta shi, a yi jayayya da shi, a faɗaɗa shi. A yanzu mafi yawansa a baki yake, yana tashi da tashin kasuwa. Tsofaffin kofen mujallar Fim da Tauraruwa suna hannun ɗaiɗaikun mutane, kaset ɗin shekarun 1990 kuma zafi da ƙura suna cinye su. Ranar da fim ɗin Jibiya zai fito, alƙalinsa na farko shi ne saurayin nan na rumfar Magama, wanda wataƙila ɗan'uwansa ya taɓa kwana a daji. Direba zai miƙo waya ya tambaye shi ko na gaske ne, kuma amsar ba za ta wuce numfashi ɗaya ba.